Gangar da Kawu Ya Ɗaura a Ƙasar Inabi

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, aka sallace shi bayan la'asar, kuma tun ba mu gama kakkaɓe ƙasar maƙabarta daga takalmanmu ba aka soma maganar. An jera kujeru a layinmu na Madain Fahd, a Jidda, sahu biyu suna kallon juna, mu dangi muna tsaye a baki, masu gaisuwa suna wucewa suna dafa mana kafaɗa. Wani ya ce azzamallahu ajrakum, wani ya ce Allah ya ba da haƙuri, gwargwadon harshen da ya fi zama a bakin mutum. Da jama'a suka lafa sai na ɗauki butar gahawa na shiga zagayawa, don ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya.

A nan na ji wani tsohon direba, maƙwabcinmu tun ina ƙarami, ya karkata zuwa kunnen ladanin masallacinmu.

"Allah dai ya yafe masa abin da ya yi a can."

"Amin," in ji ladan. "Amma a gaya wa iyalinsa su duba warshar nan, shagon aikinsa, da kyau kafin su buɗe wa kowa. Ba a san abin da za a tarar ba."

Suka ga inuwata suka yi shiru, suka miƙo kofuna. A cikin gida ma, Umma ta gaya mini daga baya, wata ta tambayi matar Kawu ko ya samu yin kalmar shahada, da irin muryar da ake tambaya in ana sa ran a ji a'a. Mutum ɗaya na ga ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, wani Bahadrame, Balaraben Yaman, mai sayar da yadi a Bab Makka. Shi ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, saboda haka bai taɓa jin komai ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a riƙa tuna wan mahaifiyata da raɗa kaɗai, kuma don ni ne na kunna raɗar. Shekarata arba'in da shida, ina aiki a wata masana'antar tagogin alminiyam a unguwar masana'antu ta Jidda, kuma ban taɓa faɗin haka a gaban jama'a ba.

A Jidda aka haifi Kawu. Mahaifinsa, wato kakana, magini ne daga ƙasar Katsina. Ya taso a ƙasa da niyyar hajji, ya yi shekaru a hanya yana gina wa mutane ɗakuna yana ƙara gaba, da ya iso kuma bai koma ba. Kawu bai gaji tubali ba, itace ya bi. Tun yana saurayi ya shiga hannun wani tsohon kafinta a Balad, tsohon garin Jidda, ya koyi aikin rawshan, tagogin nan na katako masu saƙa da ke turo ƙirji daga bangon tsofaffin gidaje, iska ta shiga ido bai shiga ba. Ya haura saba'in yana sabunta iƙama, takardar izinin zama, a garin da aka yanke masa cibiya. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Takarda ce, tana ƙarewa. Ni ma haka."

Mutum ne mai zargi, wannan ko masoyinsa ba zai musa ba. Sai dai gini da kaya yake zargi fiye da mutane. In ya shiga gidanka, kafin ya amsa sannu da zuwa sai ya ƙwanƙwasa bango da gaɓar yatsa ya kasa kunne. In aka kawo masa katako sai ya shinshina, ya karce da farce, ya ce wa mai kawowa, "Wannan ya yi ƙarya a kan shekarunsa." Ba ya shiga lif sai ya ga wani ya fito daga ciki da ransa. Ranar da na gaya masa na samu aiki a masana'antar alminiyam, kallon da ya yi mini sai ka ce na ce zan auri aljana.

"Tagar da raɓar teku ba ta kumbura ta, rana ba ta tsuke ta? Yaya za ka san halinta?"

"Ya khali," na ce, yadda muke kiran kawu da Larabci, "ai shi ne amfaninta."

"Abin da ba ya nuna gajiya rana ɗaya yake faɗuwa, ba sallama."

Duk da haka shi ya yi mini gadon aure. Kowace shekara in ya zo gaisuwar salla sai ya nemi izinin matata, ya shiga ya girgiza gadon, ya fito ya ce, "Yana nan." Ƙofofin zawarawa da tsofaffin layinmu kuwa ba sai an kira shi ba. Zai wuce ya ji ƙofa ta yi ƙara, gobe ya dawo da akwatin kayan aiki, ya gyara yana faɗa da wanda ya fara kafa ta, ya tafi bai sha ko ruwa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da tafiyar da ta jawo maganar. Kafilinsa, wato mai tsaya masa a takardar zama, wani muhandis ne, injiniya mai gyaran tsofaffin gidajen Balad. Yana so ya ga yadda aka yi rufin katako a tsofaffin gine-ginen Musulmi na ƙasar Sifen, ya ce ba zai je ba sai da idon Kawu. Aka sha wahalar fasfo da biza. Kawu, da bai taɓa wuce Madina ba, ya hau jirgi bayan ya tambayi muhandis sau uku ko wa ya ɗaure fukafukan. Sati biyu aka ce za su yi. Kawu sai da ya kusan cika uku.

Da ya dawo, warsharsa da ke wani lungu bayan Bab Makka ta zama dandali. Mukan taru bayan la'asar, a aiko da shayi, yana aiki yana ba da labari. Abin mamaki, gine-ginen Musulmin da aka je dominsu bai daɗe a kansu ba. "Sun iya," ya ce, halas, shi ke nan. Labarin da ke bakinsa na arewacin ƙasar ne, inda muhandis ya ja shi su ga sababbin gine-gine.

Ya ce ƙasa ce ta inabi, tudu bayan tudu, an jera itatuwan kamar sahun salla, ba wanda ya fito da ƙafa. A kan kowane tudu akwai ƙauye na dutse, gidaje sun jingina da juna, ƙofofinsu sun girmi kakan kakan mai gidan. A kan hasumiyar cocinsu ya ga shamuwa ta yi sheƙa. In ya zo nan muryarsa takan canza, don kakana ya sha ba su labarin shamuwa mai zuwa da damina, shi kuwa bai taɓa sa ta a ido ba sai a garin Nasara.

"Na yi mata sallama da Hausa," ya ce. "Ta dube ni kamar ta san gidanmu."

Sai kuma ginin. Ya ce suna fitowa daga wata kwana sai ga shi a tsakiyar gonaki, dab da tsohon ƙauye, kamar iska ta fizge mayafan mata ta watsa a kan gida. Mayafan kuwa na ƙarfe ne, wani ruwan hoda, wani ruwan azurfa, wani na zinariya, sun murɗe da juna, ba kusurwa ɗaya da ta tsaya daidai. Muhandis ya tsaya yana ta tasbihi. Kawu ya zagaya ginin sau uku.

"Me kake nema, ya khali?" na tambaye shi.

"Inda ruwan sama ke bi. Duk ginin da ya ɓoye indararonsa yana ɓoye wani abu."

"Ka samu?"

"Na samu. Sun iya ɓoyo." Ya yi ɗan murmushi. "Shegen gini. Na so in ƙi shi, ya hana ni."

Akwai wani kuma da rufinsa ke hawa da sauka kamar igiyar ruwan Bahar Maliya, duwatsun da ke bayansa ma suna irin wannan hawa da sauka, bangonsa jan katako. Wannan ya ce ya ƙwanƙwasa, ya amsa masa da gaskiya. A ƙarƙashin tsohon ƙauyen kuma an kai su wasu ɗakuna da aka haƙa cikin dutse, sanyi kamar cikin randa, rufinsu a lanƙwashe. Yana ɗaga kai ya gane ɗaurin gugan da mahaifinsa ke zana musu a ƙasa da yatsa in yana kewar soron da ya baro a gida.

"To me ake yi a cikin gine-ginen?" wani ya tambaya.

"Ni gini na je gani," in ji Kawu, ya ɗauki zarto.

A nan zuciyata ta fara saƙa. Mutumin da zai gaya maka yawan ƙusoshin ƙofa, shi ne zai kasa gaya maka abin da ke bayan ƙofar? Ga kwana biyar da ba wanda ya san inda ya yi su, don muhandis ya riga shi dawowa. Ga wani baƙon gizago mai lanƙwasasshen baki da ya zo da shi, kullum yana shafa masa mai, ba ya barin kowa ya taɓa. Wata rana ya fita alwala, na ja aljihun teburinsa na zaro hoto ɗaya. Kawu ne da hularsa a gaban ginin mayafan nan, gefensa wani tsohon Bature mai gajeren wuya da rigar aiki ta fata, sun dafa kafaɗun juna.

Na kai wa wani injiniya ɗan Kaduna da ke kwantiragi a masana'antarmu, mutum mai yawon duniya. Kallo ɗaya ya yi wa hoton.

"Ah, wannan ai winery ce. Duk yankin nan sana'arsu ke nan, giyar inabi. Ɗakunan ƙasan da kake faɗa, nan suke jera gangunan. Can kawun naka ya yi aiki? Interesting."

Ni ban ce masa Kawu ya yi aiki ba. Amma da na isa gida zan gaya wa Umma, da kalmar aiki na gaya mata. Umma ta gaya wa aminiyarta don ta taya ta addu'a. Kafin a yi Juma'a biyu, a Madain Fahd Kawu ya gina gidan giya, a Bab Makka kuma ya sha har an ɗauke shi a kafaɗa.

Shi kuma, kamar mai neman a ƙara, sai ya shiga ɗaura ganga. Ya yi sati yana fere fallayen katako da baƙon gizagon nan, ya jera su da'ira, ya kunna wuta a tsakiya, yana yayyafa ruwa yana matsewa da igiya har suka rusuna suka haɗa baki, ba gam ba ƙusa. Ya sa mata zobban ƙarfe da famfo, ya cika ta da ruwan sha, ya ajiye a ƙofar warsha da kofi, sadaka ga masu wucewa. Ko ɗigo ba ta zubar ba. 'Yan dakon Yaman da na Bangaladash suka yi ta sha suna sa albarka. Namu kuwa sai su tsallaka ɗaya gefen lungun. Ni kaina, Allah ya gani, na taɓa sunkuyawa na shinshina famfon.

Umma ta zura abayarta ta je ta same shi. Ina wurin, don ni na kai ta a mota.

"Yaya, ka sha?"

"Ban sha ba."

"Ka yi musu aiki?"

Ya ci gaba da goge katakon da ke hannunsa. "Tambayar taki ta yi faɗi."

"Wane faɗi? I ko a'a ne! Ka san abin da ake faɗa? Ka san ko gidan biki ba na iya shiga? Ka fasa abar nan, ka fito ka rantse a masallaci, halas, magana ta mutu."

"Ganga ba ta yi laifi ba. Rantsuwa kuma ba na yi a kan abin da ban gama aunawa ba."

"Wallahi da Baba yana raye..."

"Da ya tambaye ni yadda aka yi ba ta yoyo."

Umma ta fita tana kuka. Shekara biyu ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar salla.

Da, in liman bai zo ba Kawu ake turawa gaba. Wata azahar aka tayar da salla, ya ɗaga ƙafa ke nan, sai ladan ya kamo hannun wani ya tura. Kawu ya mayar da ƙafarsa cikin sahu. Bai fasa zuwa masallacin ba ko sau ɗaya, bai kuma sake ɗaga ƙafar ba. Wanda ya fi ciwo shi ne na autarsa. An sa rana, an kawo kaya, sai dangin saurayin suka aiko cewa suna so a ɗan dakata. Dakatawar ba ta ƙare ba. Sai bayan shekara huɗu ta yi aure, da wani daban.

Ni kuwa maimakon in ji kunya sai na ƙara sa ido, don in aka kama shi da gaske, ban yi ƙarya ba ke nan. Ina duba ko idonsa ya yi ja. Ina lura da tafiyarsa. Na taɓa buɗe kabad ɗin warsha na tarar da kwalabe uku a naɗe cikin tsumma. Na yi murna, Allah ya yafe mini. Na buɗe ɗaya, sai na ji man da yake shafa wa katako ne.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi a bara. Kwana goma sha biyu kafin rasuwarsa na je da rana, matarsa ta shiga kicin, aka bar mu mu biyu. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Ya nuna mini kujera.

"Shekara goma sha ɗaya kana kallona kamar katakon da ake zargin gara ta ci. Yalla, tambayi."

Na ce, "Me ka yi a kwana biyar ɗin nan, ya khali?"

Ya ce da aka shiga da su ɗakunan ƙasa ya ga gangunan a jere, kuma ya san abin da ke ciki, ba sai an gaya masa ba. Ya juya zai fita, idonsa ya maƙale a haɗin katakon. Itace ya riƙe ruwa shekara da shekaru ba gam ba ƙusa, shi da ya yi shekara hamsin yana aikin itace bai san wannan ba. Ya sa muhandis ya tambaya wa ke yin su, aka kai shi wurin tsohon nan na cikin hoto, a ƙarshen ƙauyen. Ba harshen da ya haɗa su. Tsohon ya kama hannun Kawu ya juya, ya ga kantar aiki a tafinsa, ya miƙa masa gizago. Muhandis ya gaji da jira, ya gyara masa tikiti ya yi gaba. Kawu ya zauna yana cin burodi da zaitun da ƙwai, matar tsohon ta ware masa kasko nasa shi kaɗai. In ya shimfiɗa sallaya cikin ɓawon katako, tsohon yakan ajiye guduma har ya sallame. A rana ta biyar suka ɗaura ganga ɗaya tun daga farko har ƙarshe, da hannun Kawu.

"Ita ce ta tsaya mini a nan." Ya dafa ƙirji. "Ban zuba ba, ban sha ba, ban karɓi lada ba. Amma na san inda za ta. Kuma na ɗaura ta da kyau, don ban iya ɗaurin mugunta ba. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce in tuba, ɗaya ya ce sana'a na je koyo. Na tuba. Amma har yau in na tuna yadda katakon nan ya rusuna, sai in ji daɗi. To gaya mini, wannan tuba ce?"

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ni na ɗauki hoton."

"Na sani. A kife ka mayar da shi."

"Tun ranar ka sani?"

"Tun ranar."

"Me ya hana ka yi mini magana?"

"Uwarka ta riga ta ji kunyar wanta. In na buɗe baki ta ji kunyar ɗanta kuma. Na ce a bar mata ɗaya." Ya ɗan huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "Ni na yafe. Amma akwai wadda ba ni da ikon yafewa a madadinta, ka san ta. In na tafi kuma, kada ka wanke ni da ƙarya. Ka ce na ɗaura."

Bayan an watse zaman makoki na je na sami autar tasa a ɗakin mahaifiyarta, tana ninke rigunansa. Taubashiyata ce, mun saba da wasa tun muna yara, amma ranar ko murmushi ban nema ba. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya mata duka, tun daga aljihun tebur. Ta saurara ba ta daina ninki ba. Tana jin Hausa sarai, amma in ranta ya ɓaci Larabci ke riga fitowa, don haka sai da ta tattaro kalmomin Hausar.

"Ka san abin da ya fi ci mini rai? Auren nan ba komai ba ne. Wanda raɗa ta kora, alhamdulillah da ya tafi. Amma shekara huɗu, in Baba ya sumbaci goshina sai in ja numfashi in ji ko akwai wari. Ubana fa. Kuma yana gani."

"Ki yafe mini."

"Mu dahhin. Ba yanzu ba." Ta ɗora rigar a kan 'yan'uwanta, ta shafe ta da tafin hannu. "Ka rubuta. Da Hausa, yadda tsofaffin nan za su ji da kyau. Ka tsaya a ƙofar masallaci ka karanta musu da bakinka, kada ka tsallake wurin da ka shinshina famfo. In labari ya iso mini ka yi, sai mu yi magana."

Ga shi na rubuta, ban tsallake ba. Ranar Juma'a bayan la'asar zan tsaya, waɗanda za su ce ai mun faɗa su ce. Ban san ko za ta yafe ba, kuma ba ta yi mini alkawari ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya yalwata masa shi. Allah ya karɓi tubar nan tasa, wadda shi kansa ya rasu bai gama yarda da ita ba.